Wuƙar Kaka Hulda

Kafanchan, 3 ga Nuwamba

Mama Afiniki,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Yaya ƙafa? Direban Samaru ya kawo wuƙar Kaka Hulda lafiya, na gode.

Kin san tun da na bar koyarwa ba ni da aiki sai tara tsofaffin wuƙaƙe. Ina da arba'in da ɗaya, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Ƙarfen reluwe ne mai kyau, na cire tsatsa, na shafa wa mariƙin man kaɗanya. Sai dai gefe ɗaya kawai aka wasa, kuma gefen da bai kamata ba. Na gwada tsaga citta, ta zame, saura kaɗan in rasa yatsa. Wane maƙeri ne ya yi wannan shirme?

Asabar mai zuwa za a sallami 'yata Miriyam a coci zuwa gidan miji, ita zan ba. Laraba zan sa wuƙar a dutse in daidaita bakin.

Ɗanki,
Silvanus

Samaru Kataf, 5 ga Nuwamba

Silvanus ɗana,

Salama. Ƙafa da sauƙi. Kada ka taɓa bakin wuƙan nan! Wanda ka kira mai shirme kakanka ne, Boaz, wanda ya haife ni da babanka. Ya yi ƙira a reluwe kafin ya koma gona.

Mamanmu Hulda bahaguwa ce. Tana ƙarama babanta ya riƙa ɗaure mata hannun hagu da igiya har ta koyi ɓoyewa. Wata rana a kasuwan Kafanchan Boaz ya hango ta bayan rumfa tana tsaga citta da hagu, tana waige-waige kamar ɓarauniya. Bayan sati ya kawo mata wannan wuƙa da ya ƙera don hannun hagu. Ta gwada, ta yi kuka, ta aure shi. Ni kaɗai ta gaya wa.

Yanzu ni ma in tambaye ka. Da wane hannu Miriyam ta fara riƙe cokali? Na tuna, da rulan da kake bugun ta da shi, malam.

Allah ya kiyaye ku.
Afiniki

Kafanchan, 8 ga Nuwamba

Mama,

Barka da hutawa. Wasiƙarki ta same ni na riga na jiƙa dutsen. Na mayar da shi ɗaki.

Jiya na ajiye wuƙar da kwanon citta gaban Miriyam. Ta dube ni, ta dubi bakin wuƙar, ta daɗe. Sai ta ɗauka da hagu. Mama, kafin in zauna ta gama rabin kwanon.

Na ce, "Tun yaushe?"

Ta ce, "Ban taɓa dainawa ba, Baba. Sai dai in ka shigo."

Shekara ashirin da shida tana ɓoye mini. Kunya ta kama ni, na roƙe ta gafara.

Ki zo Asabar, ke za ki miƙa mata a gaban Zumuntar Mata. A hannun hagu.

Ɗanki,
Silvanus