Baffa Bai Ce A Kira Ka Ba

Ruga, gefen garin Sarkin Hausa

Hamma Lurwanu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ƴan lakwal ɗinka, yaran makarantar da kake koyarwa. Inna na gaishe ka.

Baffa ba shi da lafiya tun bayan girbi. Tari ne, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Mun kai shi likita a Mayahi, an ba shi magani, sauƙin kaɗan ne. Bai ce a kira ka ba, kada in yi maka ƙarya. Ni ce na ga ya dace ka sani.

Ƙanwarka, Zahra'u

Tasawa

Zahra'u,

Na amsa gaisuwa. Allah ya ba Baffa lafiya. Ki duba shi, ki duba Inna.

Takardarki ta same ni ranar da nake koya wa yara ma'anar aƙida. Na ce musu abin da mutum ya ƙulla a zuciya ne, yake tafiya a kansa ko ba mai ganinsa. Wata ta ce imani ke nan, wani ya ce taken da aka rubuta a ƙofar lakwal. Sai Muddassir, mai bakin tsiya, ya kira ni yadda suke kiran malami, ya ce, "Mushe, ku Fulani ba fulako ce taku ba? A ba ku tuwo ku ce kun ƙoshi, ciki na kuka!" Aka yi dariya, har da ni.

Na gaya musu fulako kunya ce da haƙuri da hankali. Ban gaya musu cewa ita ce ta sa ban taɓa jin sunana a bakin mahaifina ba. Na san ba a kiran sunan ɗan fari. To amma ko a aiko? Tun da na bar sanda na kama alli, ko gaisuwa bai ba wani ya kawo mini ba. A nan in an tashi daga lakwal, ni da bango ne, shayina ma ni kaɗai nake sha.

In yana son ganina, ya faɗa. Ni ma ɗansa ne, ba na zuwa inda ba a kira ni ba.

Yayanki, Lurwanu

Ruga

Hamma,

Gaisuwa da girmamawa. Ka yafe mini, amma ashe boko bai rage ka da komai ba. Shi ba zai kira ba saboda kunya, kai ba za ka zo ba saboda kunya, ni kuma in yi ta wanke tsummokaran tari a tsakaninku. Jiya bai iya tashi salla ba, a zaune ya yi. Ka zo ranar kasuwa. Ka ce wurin Inna ka zo.

Zahra'u

Tasawa

Zahra'u,

Ina gaishe ki. Na iso lafiya.

Kin gani da idonki. Na durƙusa bakin bukka na gaishe shi, ya amsa yana kallon zana. Duk yinin nan abin da ya ce mini shi ne rijiyar yamma ta ja baya, kuma farar saniya ta haihu. Da zan tafi ya ce wa Inna, "A gaya wa baƙo rana na yi." Baƙo, Zahra'u! A hanya sai da na tsayar da moto, babur ɗin nan nawa, ƙarƙashin wani gawo, don ba na ganin gabana.

Ban yi fushi ba. Zan dawo in an yi hutu, in Allah ya so. Ki riƙa ba shi madara da ɗumi.

Lurwanu

Ruga

Hamma,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wayarka ba ta shiga ba, shi ya sa na ba Wada mai kabu-kabu wannan. Baffa ya rasu jiya da hantsi, an kai shi.

Tun ranar da ka tafi ya hana a kora shanu ta gabas. Kullum sai mun zagaya da su ta bayan shingen ƙaya, bai ce don me ba, mu ma ba mu tambaya ba. Da la'asar yakan sa a shimfiɗa masa tabarma a wurin. Ashe sawun motonka ne a wurin, a kan rairayi. Har yanzu yana nan, iska ba ta gama shafe shi ba.

Ka zo. Inna ce ta ce a kira ka.

Zahra'u