Kwanon Meram

Zuwa ga ƙanwata Kubra, a Agadas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta iske ki lafiya, ke da maigidanki Malam Imran da yara duka. Allah ya ƙara maku lafiya, ya rufa asiri. Mu nan Diffa muna nan yadda kika sani, sai dai gwiwa ta hana ni garkar tattasai bana. Alkali tela ne ke rubuta mani, tunda ban yi lakwal ba, ban iya boko ba, na kuma ce masa ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mani baki.

Kin san na rantse ba zan ƙara roƙonki komai ba, tun ranar da muka binne matata Bintu, ke kuwa kika aiko ta'aziyya ta waya kamar wata baƙuwa. Ban manta ba. Amma shekaranjiya na ciyar da miskinai goma na kaffara, don maganar ɗiyata Meram ce, wadda kika goya da bayanki, kuma ina tsoron kada in binne ta ita ma.

Ba ki ga gudun hijirarmu daga garinmu Baroua ba, to bari in faɗa maki. Kwana shida muna tafiya a ƙasa, ɗan abin da aka samu Meram ta ba ɗanta, ita ta sha ruwa, duk da haka yaron ya rasu a hannunta. Da muka zauna a gari ta fara ƙiba, mata suna cewa ta huta, ni ma har alfahari nake yi a bakin masallaci. Ashe da hantsi in na tafi kasuwa sai ta rufe ƙofa, ta cinye tukunyar shinkafa, ta bi da sauran tuwo, da busasshen kifi, da gari da sukari, da sauri kamar ana korarta, har ta kasa miƙewa. Rannan na dawo ɗaukar hula na iske ta a ƙasa tana kuka, tana goge tukunya da rairayi don kada in gane. Ta ce mani ba yunwa take ji ba, ko ɗanɗanon ba ta ji, hannun ne ba ya tsayawa.

Na yi abin da na sani. Na sa kwaɗo a ɗakin hatsi, na rataya makullin a wuyana. Na karɓo mata rubutu, don na ɗauka iska ce. Na sa ta azumin Litinin da Alhamis, na kuma faɗa mata maganganun da ba zan sa Alkali ya rubuta ba. Abin sai ya ninka. Ta faɗi a bakin famfo ranar wata Alhamis, aka kai ta asibiti a amalanke.

Lokotoron, wato likitar, yarinya ce, Meram ma ta girme ta. Ta ce Meram na da ciwon sukari da tansiyo, wato hawan jini, shi ya sa idonta ke dushewa, gyambon ƙafarta kuma ya ƙi warkewa, in aka yi sake ƙafar za ta tafi. Ta ce wannan ci ciwo ne, ba haɗama ba ne, yunwar da ta sha da baƙin cikin yaron ne suka haifar da shi, kwaɗo da azumi da gori kuwa ƙara masa wuta suke yi. Na ce mata ni ba a koya mani riƙon gidana. Sai ta nuna mani ƙafar kawai. Ta rubuta magani, ta ce Meram ta riƙa zuwa su yi magana kowane mako, ta ci sau uku a kan lokaci, kuma kada ta ƙara ci ita kaɗai.

Nan ne na tsaya, Kubra. Shekara arba'in ban taɓa sa hannu kwano ɗaya da Bintu ba, ubanmu bai yi ba, ni ma ban yi ba. Jiya na shimfiɗa tabarma, na kira Meram, na zauna da ita. Ta ja gyale ta rufe fuska, ta yi loma biyu ta tashi, don kunyata. Da la'asar na ji motsin tukunya. Matan maƙwabta su ne ke kiranta buhu, ba za ta ci gabansu ba. Na tambaye ta wa take so, ta ce gwaggo.

To ki zo. Ba zan tada maganar Bintu ba, ko da ido. In ba ki son ganina zan kwana shagon Alkali. Ki gaida Malam Imran, ki ce ina roƙonsa ya bar ki, ki gaida ɗiyarki Balkisa da jaririnta. Na cire kwaɗon, makullin yana cikin ambulan ɗin nan, don in yana wuyana ban yarda da kaina ba.

Ni ne yayanki,
Fannami