Tukunyar Gilashin da Imrich Ya Bar Mini

Anti Hedviga, don Allah ki taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa. Ni ba mai zurfin karatu ba ce, ɗinki na yi duk rayuwata a nan Košice. Mijina Imrich ya rasu bara da kaka. Aikinsa a cibiyar bincike shi ne shimfiɗa ƙarfe a kan 'yan duwatsu kamar farce, shimfiɗar da bawon albasa ma ya fi ta kauri nesa ba kusa ba. Yakan ce in an sanyaya su sosai, wutar lantarki na ratsa su ba abin da ke tare ta. Ni kuwa in ce masa mai aikin da ido ba ya gani, ya yi ta dariya.

Da ruwa ya yi musu yoyo a wurin aiki, shugabansu ya yarda ya kawo duwatsun ƙarshe da ya yi gida, cikin tukunyar gilashi mai murfi. Danshi ne ajalinsu. A gindin tukunyar akwai ƙwayoyi shuɗɗa masu shanye danshi. In sun fara yin ja, sai a gasa su a tanda su dawo shuɗɗa. Yana kwance a asibiti ya ce mini, "Kar ki bari su yi ja."

Anti, ban bari ba. Ko taga ba na buɗewa, na daina shanya kaya a ɗaki, miyar kabeji ma na haƙura da ita saboda tururi. Yanzu 'yata Lubica ta kusa haihuwa a Žilina, tana kuka in zo. Tukunyar ba ta son jijjiga, ba kuma wanda na amince wa. Dokta Vlasta, abokiyar aikinsa, ta zo neman duwatsun don a auna su, amma da bakinta ta ce awon sai an kankare su, wasu a fasa. In na bayar, hannuna ya miƙa su a farfasa. In na riƙe, ta ce a hankali za su mutu ko da ƙwayoyin. Ina zan sa kaina?

Mai gadin tukunya

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Imrich, ya ba ki haƙuri. Ba wauta kike yi ba. Amana aka ba ki, kin riƙe ta fiye da yadda mutane da yawa za su iya.

Amma ki duba maganarsa da kyau. Nufinsa kar duwatsun su lalace, bai ce kar a taɓa su ba. Manomi ba ya adana iri don ya tsufa a rumbu. Imrich ya yi su ne don a gwada a ga ko zatonsa daidai ne, kuma kayan cibiyar ne, kin sani. Dokta Vlasta ba ta yi miki ƙarya don ta karɓe su ba, wannan alama ce mai kyau.

Ki kira ta a makon nan. Ki roƙi abu biyu: ki kasance a wurin ranar da za ta sanyaya na farko, ta kuma bar miki guda ɗaya in zai yiwu. Naki, ko ya dusashe ba laifi.

Daga nan ki buɗe tagoginki, ki hau jirgin ƙasa zuwa Žilina. Lubica ma ajiyar Imrich ce, ita kuwa kuka take. Allah ya sauke ta lafiya, ki dafa wa mai jego miyar kabeji har tururi ya cika ɗakin.

Anti Hedviga