Shokozobar motar Ammi Hamid

Daren Laraba, Safar 1436, unguwar Hindawiyya

Yau na ɗauko maigidana, Ammi Hamid, wato Baffa Hamid da Larabci, daga asibiti. Likita ya ce a mayar da shi gida kawai, babu sauran abin da za a iya yi masa. Ya dage sai a tsohuwar motar mahaifinsa, wadda ake murɗa shokozobarta da hannu, ta yi tauri ko laushi. Na sassauta duka huɗun, don bayansa ba ya jure gargada.

A ƙofar gida ya ce, "Ya Isa, ban ji ciwo ba. Allah ya yi maka albarka."

Ɗansa ya karɓi makullin, ya ce, "Khalas, aikinka ya ƙare, gobe kada ka zo."

Shekara ashirin ina tuƙa su, kuma ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan. Na kasa gaya wa matata.