Ƙyallen Tebur na Jirgin Valmarina

Silver Spring, farkon Oktoba

Zuwa ga maigidana abin alfaharina, Halilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka na gidan rediyo da mutanen Yamai da suka karɓi baƙuncinka. Ya aiki, ya zafin can? Nan ganye ya fara ja, sanyi yana leƙowa. Na san za ka yi dariya ka ce ga waya, me ya kai ni biro. To a littattafan da nake karantawa, duk macen da mijinta ya yi nisa wasiƙa take rubutawa, kuma a takarda kaɗai nake iya kiran sunanka ban sunkuyar da kai ba. Zan ɗauki hotonta in turo maka.

Maganar Baba ce ta zaunar da ni. Ba ya cin abinci, sai ya ɗan taɓa ya ture. Likita ya sa aikin zuciyar da za a yi masa a ƙarshen wata, amma jiya da Anti Olive, maƙwabciyarmu nas ɗin nan 'yar Jos, ta shigo auna jininsa, na ji daga kicin yana ce mata a yankar masa tikiti, gara ya koma Zariya ya kwanta a ɗakinsa da a tsaga shi a ƙasar da ba shi da abokin hira. Ka bar mini amanar mahaifinka, ga shi ko ido ba na iya haɗawa da shi. Ka san tarbiyyar gidanmu: in kai abinci, in durƙusa in gaishe shi, in fice. Da wane baki suruka za ta ce wa surukinta ya zauna a yi masa aiki?

Akwai wani abu kuma. Kullum in na je kwashe kwanuka sai in tarar da ƙyallen tebur a jiƙe. Na ɗauka hannunsa ke rawa ruwa yana zuba, don haka nake saurin cirewa in shimfiɗa busasshe, kada ya ji nauyi. Washegari kuma a jiƙe.

Yau a asibiti muna jiran layi, talabijin ta nuna wani tsohon farin jirgin ruwa a tashar Baltimore. Baba ya miƙe tsaye babu sanda, ya ce, “Tsohuwa!” Ka taɓa ce mini ya yi aikin jirgi yana saurayi. Anti Olive ta duba a waya, ta ce za a janye jirgin kwanan nan, kuma ranar Asabar za a buɗe shi ga tsofaffin ma'aikatansa su yi ban kwana. Ta ce za ta kai mu.

Ka kula mini da kanka, ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Matarka mai kewarka,
Sailuba


Silver Spring, ranar Lahadi

Hasken gidana,

Sallama da gaisuwa irin ta mai jiran miji. Ina fata ka tashi lafiya, kuma murar da na ji a muryarka ta sake ka. Mu ma lafiya lau, mun je mun dawo.

Tun a mota Baba ya buɗe baki. Anti Olive yake kallo, amma na lura duk sanda na gyara zama a baya sai ya ɗaga murya, ashe ni ake ba labarin. Ya ce daga tashar jiragen ruwa ta Apapa ya fara, a jirgin kaya, har Allah ya kai shi wannan na masu yawon shaƙatawa, ya zama mai kai abinci a babban zaurenta. A Italiya aka ƙera ta, aka sa mata Valmarina, tana kwasar masu ƙaura zuwa ƙasashe masu nisa. Da jirgin sama ya ƙwace mata fasinja sai Girkawa suka saye ta, suka yi mata fenti, suka mai da ta ta masu hutu. Daga nan wani kamfani a Miami, daga nan wani attajiri da ya ɗaure ta a Baltimore ya mai da ta otal, otal ɗin ma ya mutu. Kowa ya saya sai ya canza mata suna. Baba ya ce kamar macen da ta yi aure uku, kowane miji da sunan da yake kiranta, amma shi na gidan ubanta ya sani. Anti Olive ta yi dariya har ta kusa wuce mahaɗa.

Ni kuwa, kada ka yi mini tsiya, na sa atamfata mai ruwan teku, don a raina jirgin littafi zan gani, inda saurayi ke jingina da ƙarfe yana faɗa wa budurwa kalamai iska tana kaɗa gyalenta. Abin da na tarar tsatsa ce ta zubo daga tagogi kamar hawaye, da warin danshi, da kafet da aka ɗaye. Na ji kamar in yi kuka. Amma Baba ya dafa jikinta kamar mai gaida tsohuwar aminiya, ya shige gaba yana nuna mana hanya, mu muke binsa da sauri.

Ya nuna mana inda makaɗa ke zama, da teburin kyaftin da fasinjoji ke rububin a gayyace su. Ya kai mu can ƙasa inda ma'aikata ke kwana, ɗaki kamar akwati babu taga, ya ce ƙarar inji ce ke sa su barci, ranar da aka kashe ta kowa sai ya kasa runtsawa. Ya nuna wani lungu bayan kwale-kwalen ceto inda yake sallah, ya ce kullum sai ya tambayi mai riƙe da kamfas, na'urar nuna shiyya, ina gabas ta koma, don alƙiblar safe ba ita ce ta la'asar ba.

A zauren cin abinci aka shirya wa tsofaffin ma'aikata shayi. Nan wani dattijo baƙi siriri ya ƙwala kiran Baba da sunan nan da hannuna ba zai iya rubutawa ba. Jerome ne, mutumin Haiti, abokin aikinsa na tebur. Suka rungume juna, wannan yana ce wa wancan ina gashin kanka, wancan yana cewa kai ina haƙoranka. Sai Jerome ya ɗauki jug ɗin ruwa, ya tsoma yatsu, ya yayyafa wa ƙyallen teburin daga wannan gefe zuwa wancan, daidai yadda nake tarar da namu.

Anti Olive ce ta tambaya, ni ban iya ba. Jerome ya ce haka suke yi in teku ya tashi: busasshen ƙyalle faranti ke zamewa a kai, jiƙaƙƙe kuwa riƙe shi yake yi. Ya ce kuma su ma'aikata suna da ƙa'ida, ranar da aka jiƙa ƙyalle ba a barin kowa ya ci shi kaɗai, bibbiyu ake zama, ɗaya ya dafe wa ɗaya kwano.

Halilu, na rasa inda zan sa fuskata. Tun tafiyarka mahaifinka yake gaya mini teku ya tashi, ni kuma ina cire ƙyallen ina shanyawa a baranda, ina ganin ladabi nake yi.

Ka yi mini addu'a, akwai abin da nake so in gwada.

Taka,
Sailuba


Silver Spring, ranar Talata

Maigida,

Assalamu alaikum, ina gaishe ka da kyau, ina fata kana lafiya. Na kasa jira har ka kira.

Jiya da rana na yi tuwon shinkafa da miyar kuka, kukar nan da na samo a shagon Landover. Na shimfiɗa ƙyalle. Baba yana zaune yana kallon taga. Maimakon in durƙusa in fice, sai na ɗebo ruwa a kofi, na tsoma yatsuna, na yayyafa. Ban iya ba, wani wurin ya yi tabki, wani ko ɗigo bai samu ba. Na tsaya riƙe da kofin, kaina a ƙasa, zuciyata tana bugawa kamar ni za a yi wa aikin.

Ya juyo ya dubi ƙyallen. Can ya ce, “'Yata, da a Valmarina ne, da yau an kore ki. Ba a zubawa, watsawa ake yi. Jawo kujera.”

Na ce, “Baba, ai ba a haka.”

Ya ce, “A tudu ba a haka. Ke kika jiƙa, ke za ki dafe mini kwano.”

Na zauna a bakin kujera kamar mai shirin gudu. Loma uku na iya kaiwa, amma shi ya cinye nasa tas, har ya nemi ƙarin miya. Ya tambaye ni me ke cikin littattafan nan da nake ɓoyewa a bayan tukunya. Na ba shi labarin wanda nake karantawa, ya ce saurayin sakarai ne, shi ya ga soyayyar gaske a jirgi, a tebur na bakin taga, wata tsohuwa da ke yanka wa mijinta nama don hannunsa ya shanye, tana yi tana masa faɗa.

Ya gaya mini makomar Tsohuwa. Ba yanka ta za a yi a sayar da ƙarfe ba. Wata ƙungiya ce ta karɓe ta, za a buɗe cikinta a kwashe duk abin da zai ɓata ruwa, sannan a ja ta kudu a nutsar da ita ta zama gidan kifaye. Ya shafa ƙyallen da tafin hannunsa, ya ce in har ita ta yarda a buɗe ta, shi wane ne. Ya ce in gaya wa Olive ta bar maganar tikiti. Sharaɗinsa ɗaya, in ya farka ya gan ni a wurin, kuma in taho da littafin, yana so ya ji ko sakaran ya yi hankali.

Na shiga kicin na yi kuka cikin tawul ɗin goge kwano. Kada ka ce masa na gaya maka.

Mai ƙaunarka,
Sailuba


Silver Spring, tsakiyar Nuwamba

Abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri, da addu'ar Allah ya dawo mini da kai lafiya. Ka riga ka ji a waya an yi aiki an dace, amma akwai abin da na ajiye wa takarda.

Baba yana asibiti aka janye Valmarina. Jerome ya turo hoton, ƙananan jirage biyu suna jan ta kamar jikoki sun riƙo hannun kaka. Na nuna masa a gado, ya ɗaga hannu ya yi mata sallama, bai yi kuka ba, ni na yi masa.

Shekaranjiya aka sallame mu. Na dama masa kunu, na shimfiɗa ƙyalle, na ɗebo ruwa a kofi, don yanzu na iya watsawa har yana yabawa. Ina tsoma yatsu ya ɗaga mini hannu. Ya ce, “Bar shi a bushe, 'yata, teku ya kwanta.”

Na ce to, na durƙusa, na juya zan koma kicin kamar da. Sai na ji ƙarar kujera a bayana, ya turo ta da sandarsa. Ya ce shi ƙyalle ya ce a bari, bai ce a bar shi ba.

In ka dawo za ka tarar an ƙwace maka kujera. Ka taho da kilishin Yamai, Baba ya ce likita bai hana shi sunsunawa ba.

Matarka har kullum,
Sailuba