Ƙusar da Ke Cinyata da Maganar Aradu

Zuwa ga Babban Likitan Ƙashi na asibitin da aka yi mini aiki,

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ne Sa'idu na Yargoje, wanda tifar masu sabon titi ta ture daga kan keke bara da kaka, ƙashin cinya ya karye dab da ƙugu. Kai ka zura mini ƙusar ƙarfe ta cikin ɓargo. Albishirinka, ina tafiya! Na taka har Mairuwa biki, na yi rawa sai da makaɗa suka gaji. Wani lokaci sai in tashi in zagaya rumbu ba dalili, ina dariya ni kaɗai. Amma ina da kuka.

Na ɗaya. Kun sallame ni da hoton ƙashina ba tare da ko kalma ɗaya ta bayani ba. Ni kuwa don murna na zagaya da shi kasuwar Ƙanƙara, kowa ya ɗaga shi sama ya ga ƙusa fara tas, doguwa kamar muciya. A nan Baba Ɗanbaro, dattijon maƙwabtanmu Maguzawa, ya girgiza kai ya ce ƙarfe kiran aradu yake. Kafin in isa gida maganar ta riga ni.

Na biyu. Tun da damina ta faɗi, da hadari ya haɗo sai ka ga an watse an bar ni. A masallaci akan bar mini fili dama da hagu, sai ka ce basarake. Maiɗakina Hajara, wadda ta yi jinyata ba ƙorafi, yanzu da an yi walƙiya sai ta miƙo mini tabarma ta nuna mini zaure, cikin ladabi.

Na uku, nan ne dariya ta ƙare. Na kira gayyar noma, an dama fura, ba wanda ya zo. Surukaina na Damari ma sun aiko da uzuri. Ciyawa na cinye dawata, ƙafar kuma ba ta kai ta yi gonar nan ita kaɗai ba. Na zo asibiti sau biyu, ana ce mini lokacin cirewa bai yi ba, in koma gida. Abin yana mini ciwo ƙwarai.

Roƙona, in ƙusar ta gama aikinta a cire mini ita, in rataye ta a zaure. In kuwa da saura, a turo malamin asibiti da farar riga ran kasuwa, ya tsaya kusa da ni a tsakiyar fili, zai fi kyau in da hadari, ya faɗa wa jama'a gaskiya, cewa ƙusar nan ba ta kiran aradu.

Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya raya maka zuriya. Kai ka tsayar da ni da ƙafafuna, ranka ya daɗe, kada ka bar ni tsaye ni kaɗai a gona.

Wassalam.
Sa'idu, wanda yanzu ake kira Mai Ƙusa