Likkafanan Tsofaffin Ribaɗin Maimuna

Zuwa ga:
Mai Girma Naziri, mai kula da Waƙafin Ribaɗin Hajiya Maimuna,
Makkatul Mukarrama.

Daga:
Malam Hashimu ɗan Garba, limamin zawiyar unguwar Nakkasa,
a madadin Rabi'atu 'yar Dawuda.

Rana: 14 ga Safar, 1369.

Game da: Sayar da likkafanan tsofaffi da korar Rabi'atu bisa ƙazafi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya ƙara wa Naziri lafiya da adalci, ina gabatar da wannan ƙorafi da yawun Rabi'atu, 'yar ƙanena marigayi, domin ita ba ta rubutu. Abin da na gani na rubuta shi a kan na gani, abin da aka faɗa mini kuma na ambaci mai faɗa.

1. Naziri ya san ribaɗin nan gida ne na tsofaffi mata Takari, waɗanda suka tako da ƙafa ta Sudan, mazajensu suka rasu a hanya ko a nan, ba su da kowa sai Allah. A shekarar 1364 aka ɗauki Rabi'atu domin ta riƙa tsara musu yininsu: ta kai masu ƙarfi Harami ran Alhamis, ta haɗa su zaman karatu da hira, kada su wuni kwance. Ta tarar da su kuwa kwance, kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya. Ta gwada tatsuniya, suka ce ta raina su. Ta gwada saƙar mafici, suka ce su ba 'yan talla ba ne.

2. Wata tsohuwa mai suna Gwaggo Asiya, mutuniyar Kazaure, ita ce ta ce in da za ta samu auduga da mazari da ta kaɗa zaren likkafaninta da hannunta. Rabi'atu ta kama maganar. Ta samo auduga, ta samo mazarai da alli, tsakar gida ta koma wurin kaɗi bayan la'asar. Matan da ba sa ko amsa sallama suka shiga gasar wa ta fi siririn zare, har da gori da dariya. Rabe masaƙi ya saƙa, Rabi'atu ta jagorance su suka tsoma kowane likkafani a ruwan Zamzam, suka shanya. Kowace ta ƙulla alamarta da baƙin zare a gefe, ta naɗe, ta sa a ƙarƙashin kanta.

3. A watan Shawwal na bara, 1368, Awwalu wakilin gidan ya kawo shawarar a tattara likkafanan a adaka a ɗakin ajiya, wai don ɓera da gara. Ya kamata Naziri ya san wane ne Awwalu a wurin Rabi'atu. Ɗan'uwanta ne na shayarwa, nono ɗaya suka sha, Yaya take ce masa, kuma ita ce ta yi ta zirga-zirga gidan Naziri har aka ba shi wakilcin nan lokacin da yake yawon dako a unguwar Misfala. Tsofaffin sun ƙi. Rabi'atu ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa, ta rantse musu cewa amanar tana wuyanta. Saboda ita suka miƙa. Gwaggo Asiya ce ta ƙarshe, sai da ta sunsuna nata kafin ta saki.

4. Ranar 9 ga Muharram na bana ɗaya daga cikin tsofaffin, Iya Shatu, ta rasu. Rabi'atu ta nemi mabuɗi, Awwalu ya yi ta kame-kame, har mata masu wanka suka gaji suka sa aka ɓalle adakar. Babu komai a ciki sai tsohon buhu. Ni na sallaci Iya Shatu, kuma ina shaida cewa a akoko na kasuwa aka kai ta maƙabartar Ma'ala, matar da ta shekara tana murza zare da yatsun da ba sa miƙewa.

5. Tun kafin mu dawo daga maƙabarta, Awwalu ya tara tsofaffin ya gaya musu Rabi'atu ce ta kwashe ta sayar. Washegari ya hana ta shiga gidan, ya ce umarnin Naziri ne. Ban yarda Naziri ya ba da wannan umarni ba tare da jin ta bakinta ba, kuma in na yi kuskure a yafe mini.

6. Rabe masaƙi a shirye yake ya rantse cewa a kwanakin Hajji ya ga saƙar hannunsa a shimfiɗe a bakin wata rumfa, ana yi wa alhazai tallarta a matsayin likkafanin da ya sha Zamzam, da ƙullin baƙin zaren a gefe ba a ko warware ba. Ya tambayi mai rumfar, mai rumfar ya kira sunan Awwalu. Rabe ya yi shiru a lokacin domin ya zaci da izinin masu abin ne. Yanzu likkafanan nan sun hau jirgin ruwa, Allah kaɗai ya san ƙasar da za su rufe wa mutane.

7. Abin da ya fi ci wa Rabi'atu rai ba korar ba ce. Ranar Juma'ar da ta wuce ta tsaya a bakin taga ta gai da Gwaggo Asiya, wadda take kiranta 'yata tun ranar da suka haɗu. Tsohuwar ta ji muryarta sarai, ta juya fuska ga bango. Rabi'atu ta dawo gidana ta zauna a zaure tana kuka irin wanda ban ga ta yi ba ko ranar da muka binne ubanta. Mai kai wa gidan ruwa ya ce mini an daina kaɗi, mazarai suna zube a gindin randa, kowa ta koma kwance yadda aka same su da farko.

Saboda haka muna roƙon Naziri, don girman Ɗakin da muke maƙwabtaka da shi, ya kira Awwalu da Rabe da mai rumfar ya ji ta bakinsu. In gaskiya ta bayyana, a sa Awwalu ya tsaya a tsakar gidan nan, inda ya tsaya ya ɓata ta, ya faɗa da bakinsa a gaban tsofaffin. Hukuncinsa kuma mun bar wa Naziri, domin ita har yanzu ta kasa buɗe baki ta nemi a yi masa komai.

Sannan a mayar da ita bakin aikinta. Ta riga ta sayi auduga, tana ajiye a ɗakina. Muna roƙon a hanzarta, domin idon Gwaggo Asiya yana rufewa, tari kuma ya kama ta tun shigowar sanyi. Rabi'atu ta ce in ƙarfin tsohuwar bai kai ba, ita za ta kaɗa mata zaren, amma ta san ba za ta karɓa daga hannun wadda take zaton ɓarauniya ce ba.

Allah ya sa Naziri ya gama lafiya, ya haɗa shi da alherin duniya da lahira. Wassalam.

Mai biyayya gare ku,
Malam Hashimu ɗan Garba

Ga dangwalen yatsar Rabi'atu 'yar Dawuda, bayan na karanta mata ta amince.